Ciniki yana tafiya amma kanta tana raguwa: shin in karɓi rancen banki?

Mai shago a Kurna:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shagon kayan masarufi, kuma a Kasuwar Singa nake saro kaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin da nake ƙirgawa da daddare sun fi na da yawa, amma idan na koma kasuwa sai in tarar ba za su sayi adadin katan ɗin da na sayar ba. Kantar da a da take cike maƙil, yanzu rabinta wayam. An ba ni shawarar in nemi rance a banki. Me kuke gani?

Dattijo daga Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka doshi banki, ka fara duba yadda kake yanka farashi. Idan ka saro katan ɗin taliya a naira 10,000 ka sayar a 11,000, alhali kafin ya ƙare ya koma 12,000 a wajen dila, to ba riba ka ci ba, uwar kuɗinka kake gutsura kana zaton riba ce. Ka riƙa auna farashinka da abin da za ka sake sarowa. Sannan ka buɗe littafin bashi ka lissafa, domin na tabbata wani kaso na kantar nan yana gidajen maƙwabta waɗanda kunya ta hana ka tuna musu.

Wata akanta a Zariya:
Alhaji ya faɗi gaskiya. Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, kuma bankunan kasuwanci sama da haka suke ɗora wa mai rance, ban da jingina. Ribar sukari da omo ba za ta ɗauki wannan nauyi ba. Idan ruwan ne damuwarka, bankuna irin su Jaiz suna yin murabaha, wato su sayi kayan su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, sai dai su ma za su nemi bayanan shige da ficen asusunka.

Mai sayar da kayan sanyi a Fagge:
Ni adashi na shiga, amma ɗaukata ta zo a ƙarshen zagaye, kuma kafin kuɗin su iso hannuna firizar da na yi niyyar saye ta fi ƙarfinsu. Idan za ka shiga, ka roƙi uwar adashi ta sa ka cikin na farko-farko.