Neman kalmar Hausa: wannan "upcycling" ɗin me zamu kira shi?

Jama'a masu Hausa ku matso kusa. Ana ta yawo da hotunan yaran Turawa a bayan gida suna haɗa ɗakin wasa da ragowar katako, lilo da tsohuwar taya, gidan tsuntsu da gwangwani, wai sunan abin upcycling. To da Hausa fa me zamu ce?

Gidajen rediyo dai sun daɗe da tsayawa a kan "sake sarrafawa", kuma ni banda ja in dai recycling ake nufi, don shi abu ake niƙewa ko a narka ya dawo sabo, kamar yadda ake tara gwangwanayen lemo a narka a zuba tukunya da ludayi, ko robobin da ake niƙawa a Kano ayi bokiti da buta. Amma yaron da ya samu gwangwanin madara ya huda shi da ƙusa ya yanko tsohon silifa yayi tayoyi ya ɗaura zare yana ja, wannan ai bai narka komai ba, gwangwanin yana nan kana ganinsa har da rubutun kamfani a jiki, aiki kawai ya canza masa.

Kuma abin ba baƙo bane. Motar kara, motar langa-langa, ƙwallon tsumma, fitilar a-ci-bal-bal ta gwangwani, gugan tsohon tub na mota, takalmin taya. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya san manya ma da shi suke ci da iyali, kuma a ƙauyen Yelwa kusa da Kadunan tun 2011 aka gina gida sukutum da gorunan ruwa da aka ɗura wa yashi. Aikin muna dashi, sunan da zai tattara shi ne babu.

Wani yace a ce "bola jari". Gaskiya kalmar ta burge ni, wanda ya fara faɗinta ya iya magana, sai dai ita sunan masu yawon tsinta ne su kai a auna a kilo, kuma yanzu sunan ya ɗan ɓaci saboda ɓata-garin da suke fakewa da sana'ar suna cire wayar wuta da murfin kwalbati. Ka rubuta wa uwa a takardar makaranta cewa ɗanta zaiyi bola jari a hutun nan, wallahi gobe da sassafe tana ofishin hedimasta.

Wata baiwar Allah tace "kwaskwarima". A'a hajiya, kwaskwarima kujera ce ta tsufa aka gyara ta koma kujera. Mai "maida tsoho yaro" kuma Allah ya shirye ka, wannan sai masu tallan magani a kasuwa.

Ni nawa zaɓin shine ƘIRAR TARKACE. Nasan za a ce ƙira ta maƙera ce da ƙarfe da zuga-zugi, amma ai tuni ta fita daga maƙera, muna cewa mota ƙirar Japan, muna cewa kimiyya da ƙere-ƙere. Tarkace kuma ya ɗauki katako da roba da kwali da kara duka, kuma baya ɗauke da ƙazanta kamar shara ko bola, don tarkace a ɗaki ma ana ajiye shi. Gwada ta a baki kaji, "yara suna tsakar gida suna ƙirar tarkace", "gasar ƙirar tarkace ta 'yan aji biyar". Ta zauna daram.

Abu ɗaya dai, duk malamin da zai sa yara wannan aiki ya cire tsohon batir da langa-langa mai tsatsa daga cikin tarkacen, dalmar batir guba ce.

Saura mutanen Damagaram da Maraɗi, ku faɗa mana yadda kuke cewa a can kafin mu rufe. In ba wanda ya kawo wadda ta fi, recycling ya riƙe sake sarrafawa, upcycling kuma ƙirar tarkace.