Ligament da Hausa: jijiya ta yi mana yawa

Malamin sanin sassan jiki: Assalamu alaikum. Ƙasusuwa 206 na jikin baligi ba mu da matsala da sunayen manyansu da Hausa: ƙoƙon kai, haƙarƙari, allon kafaɗa, ƙashin baya, ƙoƙon gwiwa, ƙwauri. Muna da guringuntsi, muna da ɓargo, muna da laka. Inda aka tsaya shi ne abin da Bature ke kira ligament, wato farin nama mai tauri da ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa. Kowa jijiya yake ce masa. Mai kai jini jijiya, mai kai saƙon ƙwaƙwalwa jijiya, mai haɗa tsoka da ƙashi ita ma jijiya. Ina ba da shawarar maɗaurin gaɓa.

Likitan ƙashi: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan cakuɗewar tana cutar da marasa lafiya. Ka ce wa mutum jijiyar gwiwarsa ta tsinke, sai ya ɗauka ƙafa ta shanye, ko jini ya daina zuwa. Gwiwa tana da manyan guda huɗu: biyu a gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, suna hana ta karkacewa, biyu kuma a can tsakiya sun gitta juna. Ta gaba cikin masu gittawar ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, ita ce kuma ke yawan tsinkewa ga 'yan ƙwallo idan mutum ya kafa ƙafa ya juya da ƙarfi. Sai ya ji ƙas, gwiwa ta kumbura cikin 'yan awoyi. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta, shi ya sa ake cewa babu karaya, mutum ya koma gida gwiwa tana ta kuɓuce masa. Sai gwajin hannu ko hoton MRI, wanda ke nuna nama ba ƙashi kaɗai ba.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi: Malam, ka yi haƙuri, maɗaurin gaɓa ba zai yi ba. Duk wanda aka ce wa maɗaurin gwiwarsa ya lalace, kemis zai nufa ya sayi sabon bandeji.

Malamin sanin sassan jiki: Gaskiyarki, Hajiya. To jijiyar gaɓa fa?

Likitan ƙashi: Ita ma da sauran rina a kaba, domin jijiyar jini da ta saƙo duk suna ratsa gaɓa. Ni igiyar gaɓa na fi so. Dubi yadda igiya ke mutuwa: da farko ta saki, sannan wasu zaruruwa su tsintsinke, a ƙarshe ta rabu biyu. Matakai uku na targaɗe ke nan daidai. Na farko, ta miƙe fiye da kima, akwai zafi amma ana iya takawa, mako ɗaya zuwa uku an warke. Na biyu, ta yage amma ba duka ba, ga kumburi ga taruwar jini, sai an yi kamar makonni shida. Na uku, ta tsinke gaba ɗaya, gaɓa ta yi lako-lako. Jini kaɗan ne ke isa gare ta, saboda haka sau da yawa karaya kan riga ta warkewa. Ta gaban gwiwar nan idan ta tsinke ba kasafai take haɗewa da kanta ba. In za a yi tiyata, madadinta ake dasawa, kuma ɗan wasa kan yi wajen wata tara kafin ya koma fili.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi: Na yarda da igiyar gaɓa, tana kuma da sauƙin faɗa wa tsohuwa. A idon sawu, yawanci igiyoyin gefen waje ne ke jin jiki idan ƙafa ta gurɗe ciki. Kwana biyu zuwa uku na farko a huta, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure ba tamau ba, a ɗaga ƙafar bisa matashi. Ban da ruwan zafi da murza da jan ƙafa a lokacin, suna ƙara kumburi. Wanda ya kasa yin taku huɗu a kai shi a ɗauki hoto.

Mai fassarar littattafan lafiya: Saura tendon, mai haɗa tsoka da ƙashi. Ai muna da agara, mahauta ma sun san ta.

Likitan ƙashi: Agara ta bayan dunduniya mutane suka sani, ita ce kuma mafi ƙarfi a jiki. Ana gane tsinkewarta idan mutum ya kwanta rub da ciki aka matse dambubu, tafin ƙafa bai motsa ba. Sai mu faɗaɗa kalmar: agarar gwiwa, agarar kafaɗa, agarar yatsa.

Mai fassarar littattafan lafiya: Agarar yatsa ta yi mini nauyi a baki, Likita, amma bari a gwada ta. Na rubuta igiyar gaɓa, jam'i igiyoyin gaɓa. Jijiya mai kai saƙo ce ba mu taɓa ba tukuna.