An ga ƙari a hantata, maigida kuma na son ƙarin haihuwa

Amaryar Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. An yi min eko, wato hoton cikin jiki irin wanda ake yi wa masu juna biyu, saboda ciwon gefen dama, sai aka ga ƙari a hanta, santimita 4. Likita ya ce adenom ne, ba daji ba, wai sinadarin istirojin na ƙwayar tsarin iyali ke ciyar da shi. Shekara 6 ina sha. Ya ce in daina, in koma bayan wata 6. Maigida kuma haihuwa yake so bana. In jira ne?

Hajiyar Marwa: 'Yata, ciwon hanta sai barin maiƙo. Ki lazimci zogale.

Amaryar Garwa: Hajiya, ba hepatit ba ne, an gwada.

Maman Biyu: Ƙanwata, ki jira don Allah. Nawa ban san da shi ba sai da ya fashe ina da ciki wata 7. Cikin dare aka tsallaka da ni daga Kuseri zuwa Njamena, jini na zuba a ciki. Na tashi, ɗan bai zo da rai ba. Har yau surukata cewa take ni na jawo da shan ƙwaya. Wanda yake sayo min ita da kuɗinsa kuwa, ko uffan.

Anti Nas: Allah ya sa mai ceto ne. Amarya, da yawa suna motsewa idan an bar ƙwayar. Wanda ya wuce santimita 5 shi ake tsoron fashewarsa, shi ake cirewa. Ciki na iya ƙara masa girma, sai ana bibiya da eko. Ki nemi IRM, wato hoton na'urar maganaɗisu, a tabbatar da irin ƙarin, don hemanjiyom ma ƙari ne na jijiyoyin jini a hanta amma ba ya cika damun kowa. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta da sinadarin.

Hajiyar Marwa: Ke nas ce ko likita? Na haifi 9 ban san eko ba.

'Yar Ngaundere: IRM ɗin sefa dubu 100 na biya, ban da kuɗin jirgin ƙasa zuwa Yawunde.

Uwar Gida: Dubu 100? An yi miki rahusa, mu 150 muka ajiye.

Baban Yara: A auna hantata ma, kuɗin cefane ya kumbura ta 😂

Maman Biyu: Malam, wa ya shigo da kai cikin zancen mata? Ku ne masu sayo ƙwaya a tebur cikin kasuwa, tana shan rana, ba takarda ba tambaya.

Uwar Gida: Wallahi a layinmu yaro ne ke yawo da ita a tire, tare da maganin ciwon kai.