Wa ya fara shimfiɗa wayar tangaraho mai dogon zango?

Malam Sani: Jama'a, a darasin da nake shirya wa ɗalibai na rubuta cewa Samuel Morse ne ya fara shimfiɗa wayar tangaraho mai dogon zango a duniya, daga Washington zuwa Baltimore a 1844. Wani abokin aikina ya ce in goge. Ni kuwa ba zan goge ba sai na ga hujja. Ga fili ga mai doki.

Injiniya Bashir: Malam, abokin naka bai yi ƙarya ba. Tun 1839 akwai waya tana aiki a Ingila, a gefen layin dogo na Great Western, daga tashar Paddington ta Landan zuwa West Drayton, wajen mil 13. William Cooke da Charles Wheatstone ne suka kafa ta, kuma tun 1837 suka yi wa na'urarsu rajista. A 1843 aka ja ta har Slough. A lokacin Morse bai kafa ko turke ɗaya ba.

Malam Sani: Mil 13 ne dogon zango, Injiniya? Mai ƙafa ma in ya fita da asuba, kafin azahar ya isa. Ta Morse mil 40 ce, tsakanin manyan birane biyu. Waccan kuwa 'yan jirgin ƙasa ne kawai ke sanar da juna cewa jirgi ya taso.

Hajiya Rabi: In dai nisa kuke aunawa, ku duka biyu kun makara da shekara 45 zuwa 50. A 1794 Faransa ta buɗe layin Claude Chappe daga Faris zuwa Lille, fiye da kilomita 200. Hasumiyoyi aka jera a kan tuddai, kowace da dogon katako a samanta mai hannu biyu da ake juyawa. Ma'aikaci na zaune da madubin hangen nesa, ya ga yadda hasumiyar baya ta karkata hannuwanta, ya ja igiya ya kwaikwaya, na gaba shi ma ya ɗauka. Shi kansa bai san abin da saƙon ke cewa ba, sai manyan da ke riƙe da littafin fassara. Ta nan labarin ƙwato garin Le Quesnoy ya iso Faris a watan Agusta na shekarar.

Malam Sani: Haba Hajiya, ai wannan ba waya ba ce. Dare ya yi, aiki ya tsaya. Hazo ya sauko, aiki ya tsaya.

Hajiya Rabi: Ya tsaya, amma da gari ya waye ya ci gaba, kuma haka ya yi ta yi har wajen shekara 60. Layi ne cikakke, da tashoshinsa da ma'aikatansa da dokarsa. Har ɓarayinsa ya samu. Wasu 'yan'uwa biyu masu suna Blanc a Bordeaux sun sayi wani ma'aikaci a Tours, tashar da ke kan layin Faris zuwa Bordeaux, yana cusa musu alama ta ɓoye cikin saƙon gwamnati, suna sanin hawa da saukar kasuwar Faris kafin kowa. Daga 1834 suke cin kasuwarsu, sai 1836 asiri ya tonu. Abin da ba ya aiki, wa zai ba da cin hanci a kansa?

Injiniya Bashir: Ni dai a kan ta lantarki nake. Kuma Malam, layin nan da kake taƙama da shi saura ƙiris ya mutu a ciki. Majalisar Amurka ta ba Morse dala 30,000 a 1843. Ya ce a ƙarƙashin ƙasa za a binne wayar cikin bututun darma. Ezra Cornell ya ƙera garmar da ke tsaga ƙasa tana kwantar da bututun tana rufewa. An yi tafiya mai nisa da aikin kafin a gane rufin wayar ya lalace, wuta na zurarewa. Kuɗi sun kusa ƙarewa, sai aka koma rataya waya a kan turaku, dabarar da Cooke ya riga ya yi amfani da ita a hanyar Slough.

Malam Sani: Amma ya gama, kuma ya nuna wa duniya amfanin abin tun kafin ya gama. Ran 1 ga Mayu 1844 waya ta kai Annapolis Junction ne kawai. Jam'iyyar Whig ta tsayar da Henry Clay takarar shugaban ƙasa a taronta na Baltimore. Jirgin da ya taso daga Baltimore ya tsaya a tashar, Alfred Vail, abokin aikin Morse, ya ji labari daga bakin fasinjoji, ya buga wa Morse. Kafin jirgin ya shigo Washington, gari ya riga ya ɗauka. Wannan shi ne ranar da mutane suka yarda.

Injiniya Bashir: Ingila ma tana da irin ranar. A Janairun 1845 wani John Tawell ya kashe wata mata kusa da Slough ya hau jirgi zuwa Landan. Aka buga kamanninsa ta waya, ya sauka a Paddington ɗan sanda na jiran sa.

Baba Ɗanlami: Yara, ku bar ni in sa baki, don na ci abinci a gidan waya. Kuna ta lissafin shekaru, ba ku lissafa waya. Na'urar Cooke da Wheatstone ta farko allura 5 gare ta masu karkata su nuna harafi, kowace da wayarta, kuma haruffa 20 kawai take nunawa. Mil 13 kana iya jan waya biyar ko shida. Mil 500 fa? Kuɗin tagulla da na gyara kaɗai su karya ka. Daga baya sun rage zuwa allura biyu, har ɗaya, na sani. Amma tsarin Morse tun asali layi ɗaya yake nema: ka danna, ka saki, gajere da dogo. In wuta ta yi rauni a hanya, akwai na'urar da ke karɓa ta tayar da sabon batir ta miƙa gaba. Abin da ya sa ya ci nisa ke nan.

Malam Sani: Allah ya ƙara girma, Baba. To kun ji.

Zainab: Baba, a yi mini afuwa, amma ko wannan ba nasa ba ne shi kaɗai. Joseph Henry, wani masanin kimiyya ɗan Amurka, shi ne ya yi aikin maganaɗisun lantarki da abin ya dogara a kai, tun wajen 1831 yana kaɗa ƙararrawa daga nesa ta waya. Na'urar kuma hannun Vail ya fi yawa wajen ƙera ta. Alamomin da duniya ke kira na Morse ma, Friedrich Gerke ne ya gyara su a Jamus a 1848 don layin Hamburg zuwa Cuxhaven, kuma a kan gyaran nasa aka gina wanda taron ƙasashe kan tangaraho da aka yi a Faris a 1865 ya amince da shi. Da Morse ya nemi a ce duk wani aika rubutu da lantarki mallakarsa ne, Kotun Ƙolin Amurka ta yi watsi da wannan ɓangaren a 1854.

Baba Ɗanlami: Gaskiyarki, 'yata. Amma kotun nan ta bar masa sauran haƙƙoƙinsa, kada a manta.

Injiniya Bashir: In ma mil 13 bai isa a kira shi nisa ba, mil 40 ma bai isa ba. Layin da ya cancanci sunan shi ne wanda Werner Siemens ya ja daga Berlin zuwa Frankfurt, wajen kilomita 500, aka gama a 1849.

Malam Sani: Yauwa, yanzu ka shigo hannuna. A 1846 wayar tsarin Morse ta haɗa New York da Washington, ta haɗa New York da Buffalo. A 1848 ta kai New Orleans. Duk kafin Siemens ya gama nasa. In ka ɗaga ma'aunin nisa, Morse ne ke ci. In ka sauke shi, Cooke ne.

Hajiya Rabi: In kuma ka cire sharaɗin lantarki, Chappe ne, kuma sharaɗin nan ku kuka sa shi, ba ya cikin tambayar waɗanda suka biya kuɗin aikin. Gwamnatin Faransa a 1794 so take ta ji halin da sojojinta ke ciki a bakin iyaka kafin rana ta faɗi, ta kuwa ji.

Malam Sani: Hajiya, “waya” na rubuta a darasin, ban rubuta “hasumiya” ba.

Injiniya Bashir: Ka kuma rubuta “ya fara” da “a duniya”. Waɗannan biyun ne ba su tsaya ba. Ka ce tsarinsa ne ya fara cin ɗaruruwan mil, ni ma in sa hannu. Amma ranar da Morse ya buga saƙonsa na 24 ga Mayu 1844, jama'a a Paddington sun riga sun fara biyan sule guda suna shiga kallon allura na motsi.