Neman shawara: tahiya Mambila da yara uku daga Maraɗi

Maman Ƴan Biyu (Bagalam):
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanwata da muke ciki ɗaya an kai ta aure Nguroje, can saman dutsen Mambila a jahar Taraba ta Najeriya, shekara huɗu ke nan ban sa ta a ido ba. Yanzu ta haihu, maigida ya yarda mu tahi in an ba da hutun lakwal na Disamba. Ƴan biyuna shekararsu biyar, ƙaramar tana wata takwas, tana shan nono. Namijin cikin ƴan biyun ko Dan Isa muka je a mota sai ya yi amai. Ƙanwar tawa kuma kullum zancenta sanyi da hazo da gonakin shayi. Don Allah wanda ya san hanyar ya ba ni shawara, zuciyata ta kasa kwanciya.

Direban Kano (tashar Maraɗi):
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki sa ma ranki kwana uku, kada wani ya ce miki biyu. Ku tsallaka Dan Isa da Jibiya da sahe, ku kwana Kano. Hanyar Jibiya zuwa Katsina ba a bin ta da dare. Kashegari Gombe, Numan, Jalingo, nan ma kwana. Rana ta uku Bali, Serti, Mayo Selbe, daga nan hawa ya fara. Katin shaidarku da takardun haihuwar yara da katin rigakahi su kasance a jakar hannu. Ki canza sefa zuwa naira tun nan gida.

Hajiya Babba (Sabon Gari):
Ɗiyata, ni dai da kin bar ƴan biyun wurin kakarsu. Kwana uku a mota da goyo ga yara biyu, ke za ki jigata, su ma haka. Zumunci ba ya gudu.

Maman Ƴan Biyu:
Inna, na ji, kuma gaskiya kika faɗa. Sai dai ita ta roƙa, tun suna rarrafe rabonta da su, jiya a waya har kuka ta yi. Babansu yana tare da mu, zai riƙe ɗaya.

Wata ƴar uwa mazauniyar Gembu (babban garin Mambila):
Yaya, ki zo da su, kin ma dace da lokaci. Damina a nan doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, hanya santsi, hazo ya rufe gaban mota. Disamba sama a buɗe take.

Hawan da ke tsoratar da mutane shi ne na bayan Mayo Selbe, wanda ake kira Biyu da Sisi: lanƙwasa bayan lanƙwasa, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. Ku tashi Jalingo da asuba don ku hau shi da rana. Ki nemi mai amai wurin taga, ya riƙa kallon nesa, kada a ba shi waya. Ƙosai da soyayyen abu a bari sai an iso. Biredi da ayaba sun isa, ga leda da kayan canji kusa. Jaririyar kuwa ki sa mata nono lokacin hawan, haɗiyar tana buɗe mata kunne, don tudun ya kai kusan mita 1,600.

Sanyinmu ba irin na hunturun Maraɗi ba ne da ake yi da ƙura. Da asuba sai ki ga raɓa ta jiƙe ciyawa sharkaf, numfashin yaro yana fita kamar hayaƙi. Rigunan sanyi, hula, safa, takalmi rufaffe, kowa nasa. Wanka sai rana ta ɗaga, da ruwan ɗumi.

Ki kai su Kakara, inda gonar Highland Tea take. Itacen shayin bai wuce ƙugu ba, an aske shi bai ɗaya, kore shar har ƙarshen ganinki, masu tsinka da kwando a baya suna cire ganye biyu da toho. Ɗana ya ɗauka a kwali shayi yake tsirowa, ranar ya tsinko ganye ya riƙe har gida. Ki riƙe hannunsu dai, gangaren yana da tsayi. Fulatanci aka fi yi a kasuwa, amma da Hausa za ki yi cinikinki.

Ma'aikacin lahiya (Ali Dan Sofo):
Madam, abin da na fi jin tsoro shi ne gawayi. Sanyi ya sa mutane su shiga ɗaki da kaskon wuta su rufe ƙofa da taga, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashewa cikin barci, yara ta fara kamawa. A ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Ki tahi da gidan sabro don kwanan Kano da Jalingo, da SRO (garin gishiri da sukari da ake jiƙawa) da zinc saboda zawo, da parasetamol na yara. Wanda jikinsa ya yi zahi, can ko bayan kun dawo, a gwada jininsa, kada a ce sanyin dutse ne. Maganin hana amai kuma kar ki saya a tebur, ki kawo yaron a duba nauyinsa tukuna.

Maman Ƴan Biyu:
Allah shi saka da alheri. Zancen gawayin nan yanzu na kira ƙanwata na faɗa mata, ashe da shi suke kwana da jariri. Ta ce daga yau ta bari. Gobe in sha Allah zan kai yaron a duba shi, in wuce babbar kasuwa neman rigunan sanyi. Ƴar uwa ta Gembu, zan yi miki magana ta gehe kan motar Jalingo.