Na yaye 'ya'yan akuyata amma sun ƙi barin nono

Maman Sadiya, Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu kiwo ku taimaka min. Akuyata ta haifi biyu, mace da namiji, yanzu sun shiga wata na huɗu suna cin dusa da ɓawon rogo sosai amma har yau ba su bar uwar ta huta ba, duk ta rame ƙashin bayanta ya fito wlh tausayi take ba ni. Na ɗaure su bayan kicin 'yan kwanaki, ina kwance su suka ruga suka kama nono kamar ba a taɓa raba su ba. Kuma gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da mutane, kukan da suke da daddare har maƙwabta sun fara magana. Kwana nawa ake raba su ne kafin su manta?

Baba Mai Tumaki, Asawase:
Wa alaikumus salam 'yata. Ai kin yi saurin sakinsu. Nonon uwa bai ƙafewa sai ya yi sati biyu zuwa uku ba a taɓa shi ba, kuma ko ya fara ƙafewa suna tsotsa zai sake kawo ruwa, kin koma farko kenan. Ni ba na haɗa su sai an yi wata ɗaya da rabi ko biyu. Kukan nan kwana uku huɗu ne ya wuce, ki ba maƙwabta haƙuri. Uwar ki janye mata dusa na sati guda, ki bar ta da busasshiyar ciyawa ko harawa, ruwa kam kar ki hana ta. Kullum da safe ki taɓa hantsar, in kin ji ta yi tauri da zafi ko akuyar na zillewa in an taɓa, to ki nemi likitan dabbobi kar ki jira.

Hajiya Ladi, Sawaba:
Mu dai da a gida kashin shanu ake shafa wa kan nonon su ƙyamace shi, ko a ɗinka ɗan buhu a ɗaure mata hantsar. In ba ki da wuri ki gwada buhun.

Abdul Rahman, Akwatia Line:
Hajiya a yi haƙuri, kashin nan kam ban goyi baya ba, ƙazanta na shiga ta kan nonon ya jawo ciwon hantsa. Buhun ma da ruwan saman Kumasi ɗin nan in ya jiƙe ya kwana jikinta matsala ne. Maman Sadiya abin da ya fi damuna ma namijin ne, waɗannan gajerun awakin namu da wuri suke balaga, ɗan bunsuru ɗan wata huɗu zai iya hawa uwarsa ko 'yar uwarsa, kuma ƙaramar in ta ɗau ciki yanzu tsumburewa za ta yi, haihuwar ma da wahala. Ko ki sa a dandaƙe shi ko ki ware shi daban. Sannan lokacin yaye ne gudawa ta fi kama su, ki ba su maganin tsutsar ciki, ki ɗaga kwanon abincinsu daga ƙasa kar su riƙa yin kashi ciki, wurin kwanansu ya zama a bushe. Ki tambayi allurar rigakafin PPR ma, wato cutar annobar nan ta awaki da tumaki, sun kai lokacin yinta.

Maman Sadiya, Aboabo:
Allah ya saka da alheri, maganar bunsurun nan ta tsorata ni gaskiya. Yayana na da fili a Sawaba, in kai yaran can ne?

Baba Mai Tumaki, Asawase:
A'a, uwar za ki kai. Yaran ki bar su inda suka saba da kwanonsu da turkensu, in kika haɗa musu rashin nono da baƙon wuri daina cin abinci za su yi. Ki ce wa yayan naki kar ya bar bunsuru kusa da ita sai ta mai da jikinta tukuna.