Gasar hakaton (gasar ƙirƙirar manhaja cikin ɗan gajeren lokaci): ko an yarda a zo da aikin da aka fara tun a gida?

Ɗalibar Kwamfuta: Assalamu alaikum. Ni da abokan karatuna muna shirin shiga gasar Space Apps, wadda NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta fara shiryawa a 2012. Muna da wata manhaja ta taswirar ruwan sama da muka rubuta a zangon karatun da ya wuce. Shin ƙa'ida ta yarda mu ɗora aikin gasar a kanta, ko kuwa dole ne mu faro daga tushe?

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da alƙalai suke aunawa shi ne aikin da tawaga ta yi a cikin kwana biyun gasar, don haka gabatar da tsohuwar manhaja da sunan sabuwa maguɗi ne, kuma yana iya jawo a cire ku. Wannan bai hana ku amfani da buɗaɗɗun manhajojin da wasu suka saki ga kowa ba, muddin kun kiyaye sharuɗɗan lasisinsu, irin su lasisin MIT ko na GPL, kun kuma ambaci masu su. Ku sani cewa GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja suke adana aikinsu, yana ajiye rana da lokacin kowane sauyi, saboda haka alƙali mai lura ba zai sha wahalar gane aikin da ya girmi gasar ba. Haka kuma, tawaga ba ta wuce mutum shida.

Mai Nazarin Bayanai: Na yarda da Malam, sai dai kada a ɗauka cewa shiri ma haramun ne. Ana fitar da ƙalubalen, wato matsalolin da ake so tawagogi su warware, kafin ranar farawa, kuma babu laifi ku karanta su, ku saba da bayanan tauraron ɗan'adam da NASA ta buɗe, ku raba aiki a tsakaninku. A ganina, abin da ya fi kayar da sababbin shiga a yanzu shi ne ɓoye cewa sun yi amfani da ƙirƙirarriyar basira. Idan ChatGPT ya taimaka muku, ku faɗi a ina da kuma ta yaya.

Hajiya Mai Horarwa: Ɗiyata, ku karanta dokokin ɗa'a kamar yadda kuke karanta na fasaha. Cin zarafi, kalaman ɓatanci da ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba duk suna iya sa a kori ɗan gasa, komai kyan aikinsa. Idan tsohuwar manhajar taku tana da ɓangaren da kuke matuƙar buƙata, ku rubuta wa masu shirya gasar a garinku kafin a fara, ku adana amsarsu a rubuce.